Kogi a Hannun Hagu

Oga ya sa hannu, hutu ya samu,
kwana uku, ba ƙari.
Ɗanjuma na teburin kusa ya ce in tafi Ikko in ga teku.
Na shafa aljihu, aljihu ya yi gum.
Shekara talatin ina haye gadar nan a motar haya,
in leƙa ta taga, in kau da kai,
ban taɓa sauka na gaida kogin garinmu ba.
Na ce to, ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

Takalmin roba, jaka a kafaɗa,
gora, ƙuliƙuli, dabino bakwai.
Ba ja-gora, ba taswira.
In dai kogi na hannun hagu, babu ɓacewa.

Rafin Guza da sassafe, injin ban-ruwa yana tari.
Wani tsoho, Tanko, ya miƙe daga cikin latas,
ya ce, "Ina zuwa?" Na ce, "Yawo."
"Bashi kake bi?" Na ce a'a.
Ya dubi rigata mai guga, ya dubi ƙafata,
ya tuge karas biyu ya ɗauraye ya miƙo,
irin kyautar da ake wa mai taɓuwa.

Ƙasan Malali na zauna kan dutse.
Masu yashi suna nitso da bokiti,
su ɓace, in ƙirga goma sha biyu, su ɓullo,
har kwalekwale ya yi nauyi, bakinsa yana sumbatar ruwa.
Ashe benayen da ke hararar kogin nan
daga cikinsa aka kwaso su.
Katangar wani mai hali ta tare ni har gaɓa,
karensa ya raka ni da zagi,
na zaga ta bola, na dawo.
Can saman reshe, sama da kaina,
baƙar leda tana nan inda ambaliyar bara ta rataye ta,
shaida ce, ba ta mantuwa.

A Gamji na nemi masu sunan garin.
Kada ɗaya na samu, a bayan waya,
baki buɗe, yara na jifansa da ɓawon gyaɗa.

Kabala da la'asar, masu wanki sun tufatar da duwatsu,
zannuwa, shadda, rigar makaranta.
Na kwana gun Inna Barmani.
Tana murza mini man zafi tana mita:
"Mutum da albashinsa, sai ka ce korarre!"
Barci ya ɗauke ni tana tsakar faɗa,
kwaɗi suna amsa mata daga fadama, ba gajiyawa.

Ran na uku Ndagi ya haye da mu.
Kusa da ni Mama Saratu da kwandon tumatir,
gicciye a wuyanta, carbi a hannuna.
Tsakiyar ruwa jirgi ya karkata,
ta damƙe hannuna, na damƙe kwandonta,
kowa ya kira Allah da bakinsa.
Ndagi ya yi dariya, ya gyara sanda.
An ce kogin nan ya raba garin biyu.
Shi dai ban ga alamar an gaya masa ba,
yana ta wucewa.

Kakuri. Masaƙar da babana ya tsufa a ciki,
ciyawa ta fi ƙofa tsawo.
Ya ce da can ruwan nan kan fito da launin atamfa,
yau shuɗi, gobe ja.
Na tsaya jiran jiniyar tashi daga aiki,
kurciya ce ta amsa.

A Kudenda na cire takalmi.
Ƙafa ta yi bororo uku, na tsoma ta, ta yi ajiyar zuciya.
Rana ta faɗa ruwa ba ta jiƙe ba.

Da na koma, Ɗanjuma ya ce, "Ina tsaraba?"
Na kife takalmin a kan fayil ɗinsa,
yashi ya zubo, da ɗan ƙanƙanin katantanwa.